Akwatin Bayan Katanga

Ngaundare, ranar Talata

Zuwa ga 'yata Astajam,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da baƙuwar da Allah ya kawo mana. Ya jego? Ya zafin Dakar? Mu nan lafiya lau, sai ruwa da ya tsare mu, kullum da la'asar sai ya sauko. Gwiwata ta hagu tana nan da halinta. Goggonki tana gaishe ki, kuma tun da aka ce an yi mata takwara bakinta bai rufu ba. Duk wanda ya shigo sai ta gaya masa akwai wata Dija a Dakar, ko mai kawo gawayi bai tsira ba.

Adda Dudu kuwa, da na leƙa ta katanga na yi mata albishir, ko ɗagowa ba ta yi daga tace zumarta ba. Kada ki sa a ranki. Ke ce 'yar farinta, kuma tun da aka yaye ki ta miƙa ki ga Goggo, ko yanka ta za a yi ba za ta nuna komai a kanki ba. Washegari dai mun tarar da kwalbar zuma a bakin ƙofa.

To, ga dalilin da ya sa kika ji mu shiru ranar Lahadi, ranar da muka saba gaisawa da ke ta kwamfuta. Ni na yi ɓarna. Kwamfutar nan da kika bar mana ta daɗe tana jan ƙafa, kafin ta tashi na sha shayi na wanke kofi. Na ce jikata guda za ta fito a karon farko, ba za ta fito cikin na'ura mai nishi ba. Na kai ta kasuwa wurin wani mai gyara, ya ce cuta ta cika ta, sai an wanke ta tas an zuba mata sabon windo. Na ce wanke. Ya wanke. Yanzu kafin ka ce bisimilla ta tashi, amma ba ta san kowa ba. 'Yar alamar nan ta ƙasa mai kama da mafici, wadda kika ce in riƙa dubawa, ta ɓace. Akwatin waifai yana nan kan kabad, fitilarsa tana ci. Na kashe na kunna, na hure masa ƙura, na ɗan mare shi a gefe yadda muke yi wa rediyon tashar jirgin ƙasa. Bai ji ba.

Da wasa nake rubutawa amma raina ba daɗi. Likita ya sake duba idon Goggonki. Na dama kin san ya riga ya tafi. Na hagun ma, in ji shi, maganin ɗigawa ya daina riƙe shi. Bai faɗi rana ba, ya dai ce duk abin da take son gani ta gan shi yanzu. Sali mai shagon buga takardu, wanda yake tura miki wasiƙun nan, ya kawo mata hoton jaririyar a wayarsa, ta ce haske kawai take gani. Ya buga shi a takarda, ta juya ta juya ta ce tabo ne. Abin da idon yake kamawa sai babba, mai haske, mai motsi, ta sa fuskarta dab da shi.

Ki gaya mini abin da zan danna. Ki rubuta dalla-dalla, kin san ni tikitin jirgi na iya dubawa.

Baabanki,
Hamajam


Dakar, ranar Alhamis

Baaba,

Na gaishe ku da kyau, kai da Goggo. Mu lafiyarmu ƙalau. Dija ƙarama tana shan nono kamar an aiko ta, barci ne dai ba ta yarda da shi ba. A shafa wa gwiwar nan man da na bari, kada ka ce sai ta kumbura.

Ashe ka sa an wanke kwamfuta har da hankalinta! Na yi dariya, da na zo kan maganar idon Goggo kuma na ajiye takardar na yi kukana. Ba komai, Baaba, abin gyaruwa ne. Mai gyaran ya manta da wani ɗan abu da ake kira direba, shi yake sa kwamfuta ta ji waifai. Ka kifa ta, za ka ga suna da lamba a jikinta. Ka kai wa Sali, ya sauko da direban waifai na wannan lambar, ya sa mata. Kada ka koma wurin na kasuwar.

In an sa, maficin zai dawo. Ka danna shi sau ɗaya, ba irin dannawar nan taka ta huda tikiti ba. Sunaye za su fito a jere. Ka nemi namu, Gidan Hamajam, ni na raɗa masa da kaina. Zai tambayi kalmar sirri, tana rubuce a takardar da na manna a ƙarƙashin akwatin. Shi ke nan.

Ka gaya wa Goggo ta yi kwalliya ranar Lahadi, za ta ga takwararta. Ta shirya faɗa kuma, don ina kiran sunan yarinyar nan a gaban kowa, ina sumbatarta, ba ruwana da kunyar 'yar fari.

Adda Dudu a ce na gode da zumar, ko da yake ba ni aka aiko wa ba.

'Yarku,
Astajam


Ngaundare, ranar Litinin

'Yata Astajam,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku. Mu muna nan, alhamdu lillahi. Goggo ta yi kwalliyar jiya, har da turare, ta zauna bakin taga tun azahar. Kiran bai yiwu ba, kuma da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

An sa direba. Shekara talatin ina aikin jirgi, ban taɓa ganin direban da ake zubawa daga ɗan ƙarfe kamar ɗan yatsa ba, amma ya yi aiki, mafici ya dawo. Na danna a hankali. Suna ɗaya ne ya fito, wasu haruffa da lambobi da ɗan kwaɗo a gefe. Gidan Hamajam babu shi.

Na ɗauko Sali da kansa. Ya kwance akwatinmu, ya shinshina, ya dube ni. Ya ce, "Baaba, wannan ai ya daɗe da rasuwa. Dubi cikinsa, gawayi ne, har ya yi tsatsa. Fitilar ce kaɗai mai rai."

Na ce, "Kai yaro, makon jiya-jiya muka yi magana da Dakar."

Ya ce, "Ba da wannan ba dai."

Sai Goggonki ta tuna. Damina biyu da suka wuce, lokacin da na tafi Yawunde neman takardun fansho, tsawa ta faɗa kan sandar da ke jawo mana sabis daga rufi. Wannan Lahadin ba ki same ta ba. Bayan kwana biyu wani mutum ya yi sallama da jaka, ya ce an aiko shi duba kwamfuta, ya taɓa nan ya taɓa can, ya tafi bai karɓi ko ruwa ba. Ita ta zaci ni na turo shi. Ni da na dawo na tarar komai yana tafiya. Tun daga ranar duk wata ina zuba wa gawa kuɗi, ina goge mata ƙura.

Sali ya ce in bi sunan nan mai kwaɗo in ga inda yake ƙarfi. Na ɗauki kwamfuta a buɗe ina zagaya tsakar gida kamar mai tallan ƙosai. Wajen zaure mafici ya rame. Wajen rijiya ya ɗan farfaɗo. Da na iso gindin gwaibar nan ta jikin katanga, daidai tagar Goggo, sai ya cika fal. Na ɗaga kai. A can ƙarƙashin rufin ɗakin girkin Adda Dudu, sama da katanga, ga wani ɗan kwando a rataye, koriyar fitila tana ƙiftawa a ciki. Matar da ko waya mai hoto ba ta da ita.

Na sa hula na zagaya ta ƙofa, kamar yadda ya kamata. Na same ta tana cika kwalaben da za ta kai tasha. Muka gaisa, na tambayi Bobbo ƙaninki ko ya yi waya daga Garwa, ta tambayi gwiwa. Sannan na kira ta da sunan ɗanta, na ce, "Dada Bobbo, akwatin can na cikin kwando naki ne?"

Ta ce, "Yana nan dai."

Na ce, "Ashe a jikinsa muke. To kwamfuta ta manta kalmar buɗe shi. Ki taimaka ki faɗa mini."

Ta ja mayafi ta rufe baki. Can ta ce, "Hamma, ba zan iya faɗa ba."

Na ce ko ta manta ne. Ta ce ba ta manta ba. Na ce idon Dija fa. Ta tashi ta shige ɗaki ta bar ni da kwalabe.

Mun gwada jawowa daga wayar Sali, amma kin san gidanmu a kwari yake, ko kira sai na hau titi. Goggo kuma ƙugunta ba zai hau matakalar nan ba. Mutumin mai jaka ba wanda ya san inda ya koma. Na ba da saƙon sabon akwati da sandarsa daga Yawunde, sun ce sai an samu mai zuwa a jirgi, sannan a nemi mai hawa rufi cikin ruwan nan.

Yau da safe Goggo ta tambaye ni ko hadari ne ya haɗu. Rana ce tarwai.

Baabanki,
Hamajam


Dakar, ranar Talata

Baaba,

Ina gaisuwa. Muna lafiya. Ka yi haƙuri, yau ba ni da doguwar gaisuwa.

Na karanta wasiƙarka har na haddace wurin. Ba ta manta ba, kuma ba za ta faɗa ba. To me ya rage? Ni na san yadda aka yi. Bobbo ne ya sa mata akwatin don in ya zo hutu, mai gyaran ya ga sabis a kusa ya maƙala ku a kai. Yanzu da aka zo roƙonta a fili, sai halin ya fito.

Baaba, tun ina yarinya kuke cewa kunya ce. Na faɗi a gindin gwaibar nan na fasa goshi, tana tsaye tana kallo ta katanga, ta juya ta ci gaba da shanya. Kuka ce kunya. Ranar aurena ta tafi tasha sayar da zuma. Kuka ce kunya. Ban taɓa jin sunana a bakinta ba, sai "waccan" da "ta gidan Adda", don Adda take ce wa Goggo. Na haƙura, don Allah ya ba ni uwa, Goggo ce ta goya ni, ita ta kwana a kaina da na yi ƙyanda. Amma yau matar da ta riƙe mata 'ya tana makancewa, kalma ɗaya tak ake nema, a ce wannan ma kunya ce? Ni yanzu na haihu, na san abin da uwa take ji. Wadda ta ji abin da nake ji ba za ta iya abin da take yi ba. Ba ta taɓa so na ba ne kawai, ku daina yi mata ado.

Akwai ɗan rami a bayan kowane akwati. In aka tura allura aka riƙe, yana mantawa da kalmar, ya koma ta jikin takardarsa. Ka sa Sali ya yi, ko tana so ko ba ta so. In ta ce a biya ta, zan biya.

Wannan kada ka karanta wa Goggo.

Astajam


Dakar, ranar Asabar

Baaba,

Ina fatan kuna lafiya. Shiru. Na kira wayarka ba ta shiga, na kira Sali ya ce babu wuta a layinsu kuma bai gan ka ba. Ko maganata ce ta ɓata maka rai? Ko idon ne ya rufe kuke ɓoye mini? Don Allah ko layi ɗaya ne ka rubuto. Dija ta fara buɗe ido sosai tana bin haske, in na gani sai in tuna idon Goggo.

Astajam


Ngaundare, ranar Litinin

'Yata Astajam,

Gaisuwa da fatan alheri. Lafiyarmu lau, kin ma gani da idonki jiya. Kin ga Goggo da ɗankwalinta na biki, kin ga rabin hulata. Abin da ba ki gani ba shi zan gaya miki, don da na hau titi na kira ki na ce ki kunna, kuɗin wayar ba zai ɗauki labarin ba.

Kin ce kada in karanta wa Goggo wasiƙarki. Kin sa wannan a layin ƙarshe, 'yar boko. Ni kuma daga sama nake farawa. Na zauna bakin tagarta na karanta mata tiryan-tiryan, kuma kin san muryata, jirgi ya cinye mini kunne, ni a ganina raɗa nake yi. Ina tsakiyar wurin goshinki sai muka ji wani abu ya faɗi ya fashe a bayan katanga. Goggo ta ce, "Ka kyauta. Ƙarasa, ai ta riga ta ji." Ban ƙarasa ba. Kwanakin nan da kika ji shiru, na rasa abin da zan rubuta miki ne. Maganar allura kuwa, ban kai shekarun nan ba don in tura yaro ɗakin girkin matar ƙanin matata da allura a hannu.

Da na ce ban san tana wurin ba, Goggonki ta yi mini tas. Ta ce, "Kai dai tikiti ka iya gani. Ka zaci don kurumtarka nake ƙure muryar kwamfuta duk Lahadi? Ka zaci iska nake sha a bakin taga? Tun da yarinyar nan ta tafi, Dudu take ajiye kujera a bayan katangar nan ranar Lahadi, wai tana tace zuma. Zumar da ba ta ƙarewa sai an yi sallama da Dakar." Ita Goggo ta san da kujerar, ba ta san da akwatin ba. Ni ban san ko ɗaya ba. Na tambayi Bobbo ta waya, ya ce shi bai taɓa sa wa kowa akwati ba.

Jiya da hantsi sai ga sallama. Adda Dudu ce, ta ƙofa, da mayafinta na unguwa. Rabon da ta shigo gidan nan tun rasuwar mahaifinki. Ta durƙusa bakin ƙofar Goggo suka gaisa kamar baƙi. Ta sunkuyar da kai. Goggo ta ce, "Dudu, ni fa ba na ganin fuskarki. Ba abin da za ki ji wa kunya a nan sai wannan tsohon, shi kuma kurma ne."

Ta ce, "Adda, mutumin ne ya ce in faɗi kalmar da ba wanda ya sani. Ni kuma ita ce ta zo bakina. Ban san za a zo ana tambaya ba."

Goggo ta ce, "Sunan yarinyar ne?"

Ta ce, "Ba wanda kuka sani ba."

Na ɗauko kwamfuta na zauna, na sa yatsa. Ta juya ta fuskanci bango ta faɗa. Wallahi ban ji ba. Na ce, "Na'am?" Ta sake faɗa. Na ce ta ɗan ɗaga. Goggo ta daka mini tsawa, "Zumata, ta ce! Zumata! Sai ka sa ta mutu?"

Sali ya riga ya nuna mini inda haruffa suke. Na ce mata a haɗe ko a rabe, akwai lamba? Ta ce mutumin ya ce ya yi gajere, sai ta ba shi shekarar. Ban tambayi wace shekara ba, na san shekarar da muka yi suna a gidan can. Na danna. Mafici ya yi ta juyi, ya yi ta juyi, sannan ɗan kwaɗon ya tafi.

Tana fuskantar bangon ta gaya wa Goggo sauran. Ta ce haka take kiranki lokacin da kike nono, in ta tabbata ba kowa a ɗakin. Ko mahaifinki bai taɓa ji ba. Ranar da aka kawo ki gidan nan ta daina. Ta ce, "Ta ce ban waiwaya ba da ta fasa goshi. In na waiwaya, Adda, ai da na tsallako katangar, kuma da na ci mutuncinki." Goggo ta lalubo hannunta ta riƙe. Ni na fita duba rijiya, ko da yake ba abin da ya same ta.

Da za mu kira ki ta miƙe za ta tafi. Goggo ta ce ta zauna. Ta zauna, amma a bayan kwamfutar, inda ba za ki gan ta ba, ita ma ba za ta gan ki ba.

Goggo ta ga takwararta. Na tambaye ta daga baya don in tabbata ba don ta faranta miki ta faɗa ba. Ta ce ta ga goshi, ta ga baki yana motsi, ta ga hannu ya ɗago. Ta ce ya ishe ta. Kin yi ta dariya kina cewa, "Goggo, ai ina ganinta, ni na haife ta," da take ta lissafa miki: ga kunne ƙanana, ga gashi a kwance, ga haɓa irin ta gidan su wance. Ba ke take gaya wa ba.

Sabon akwati ya iso yau a jirgin safe. Yana nan cikin kwalinsa. Goggo ta ce in na kuskura na buɗe shi sai ta sa an wanke ni an zuba mini sabon windo.

Ki shafa mini kan Dija.

Baabanki,
Hamajam


Dakar, ranar Laraba

Baaba,

Na gaishe ku, kai da Goggo. Muna lafiya. A ci gaba da ɗiga maganin ko da likita ya ce bai da amfani.

Wasiƙarka tana ƙarƙashin matashina. Na fara amsa ta ya fi a ƙirga ina yagewa. Waccan da na rubuto, ka sa ta a murhu.

Ka mayar da sabon akwatin, ko ka ba Sali. Na cikin kwando ya ishe mu.

Abu ɗaya nake roƙo. Ranar Lahadi, in Goggo ta gama ganin takwararta, ka ɗauki kwamfutar ka ɗora a kan taga, ka juya fuskarta wajen katanga, ka ƙure murya. Kada ka kira kowa, kada ka ce komai. Ba sai ta leƙo ba. Zan ɗaga Dija in riƙe, in an ga dama a duba, in ba a ga dama ba mu gaida gwaiba.

Ban san yadda zan gaishe ta ba, Baaba, ban taɓa koya ba. In ka leƙa katanga, ka ce mata kawai mai sunan nan da ta faɗa ta ji, kuma ta amsa.

'Yarku,
Astajam